Haɗa injinan ƙaramar masana'anta da kwamfuta: wanne za ka saya, wanne za ka jinkirta?

Abin da ake nufi shi ne inji ya riƙa gaya wa kwamfuta halin da yake ciki: zafinsa, girgizarsa, wutar da yake ja. Ita kuma ta mayar masa da umarni, ko ta ankarar da mai kula da shi. A baje kolin Hanoba na ƙasar Jamus a 2011 aka yi wa wannan tsari laƙabi da juyin masana'antu na huɗu. Mai injin shinkafa ko injin roba a Sharada, Bompai ko Challawa a Kano yana da hanyoyi uku a gabansa, kuma 'yan kasuwa sun fi son tallata masa wadda ta fi tsada.

Hanya ta farko ita ce a bar tsohon inji yadda yake, a manna masa sensa. Ga moton lantarki mai layin wuta uku ana buƙatar zoben auna wuta guda uku, irin wanda ake buɗewa a maƙala wa waya ba sai an yanke ta ba, da mitar auna wuta guda ɗaya, da sensar zafi PT100 a jikin moton, da sensar girgiza a gidan boris. Dukkansu suna tafiya ta waya ɗaya ta RS-485 zuwa wani ɗan akwati mai tattara bayanai. Wayar tana iya kai mita 1,200, tana ɗaukar na'ura 32 a layi guda. Wannan hanyar ba ta kunna inji ba ta kashe shi, sauraro kawai take yi, kuma shi ya sa ta fi dacewa da mai farawa: ko ta lalace aiki ba ya tsayawa.

Amfaninta a nan yake. Duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade wa moto yana rage rabin rayuwar rufin wayar kwayil ɗinsa. Bambancin ƙarfin wuta tsakanin layuka uku idan ya wuce kashi 1 cikin ɗari moto ya fara wahala, idan ya kai kashi 5 bai kamata a bar shi yana juyawa ba. Girgiza kuma, a matsakaicin moto da ke kan daɓe mai ƙarfi, da ta haura milimita 4.5 a daƙiƙa to a duba boris, a duba daidaiton bel. Duk waɗannan sensa tana ganinsu tun kafin hanci ya ji ƙauri.

Inda ake yin kuskure: a ja wayar sensa a bututu ɗaya da wayar infata mai sarrafa gudun moto, sai lambobi su riƙa tsalle ba dalili. A raba su, a yi amfani da waya mai sulke, a sa rezisto mai om 120 a kowane ƙarshen layi. Zoben auna wuta mai fitar da amfiya 5 kuwa kada a taɓa cire wayarsa alhali wuta na gudana, yana iya tayar da ƙarfin da zai yi kisa.

Hanya ta biyu ita ce a sa wa inji sabuwar ƙwaƙwalwa, wato PLC, ƙaramar kwamfutar da ke ba inji umarni, da allon taɓawa. Siemens S7-1200 ta fi ƙarko da yawan masu iya ta, amma manhajar rubuta mata umarni ta kuɗi ce. Delta DVP da Schneider M221 sun fi sauƙi, manhajarsu kyauta ce. Wannan hanyar ta cancanci kuɗinta ne idan matsalarka ta inganci ce, misali zafin narka roba yana hawa da sauka, ko awon buhu ba ya daidai. Sai dai sai an tsayar da inji na kwanaki, kuma maɓallin tsayar da gaggawa dole ya zauna a kan wayarsa daban, kada a bi da shi ta manhaja.

Hanya ta uku, sayen sabon inji da ya zo da komai, ba ta buƙatar dogon bayani. Idan tsohon ya gaji, saya. Amma tambayi mai sayarwa ko injin yana magana da Modbus ko OPC UA, wato yarukan da na'urorin kamfanoni daban-daban ke musayar bayanai da su. In ya ce sai ta manhajar kamfaninsu kaɗai, ka san kuɗin wata-wata na jiran ka.

Saura inda bayanan za su zauna. Rumbun intanet yana ba ka damar duba masana'anta daga wayarka, amma idan sabis ya ɗauke sai a sami giɓi, don haka zaɓi akwatin da ke ajiye bayanai a cikinsa ya tura daga baya. Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da za ta iya zama wannan akwati, tana da arha, ta isa gwaji, sai dai katin ajiyarta yana lalacewa idan wuta ta yanke tana cikin rubutu, abin da ke faruwa a duk sauyi daga NEPA zuwa janareta. Ƙaramin batirin ko-ta-kwana yana maganin wannan. Akwatin kuma ya zama mai lambar IP65, wato wanda ƙura ba ta shiga cikinsa, saboda ƙurar hunturu da dusar shinkafa ba sa barin komai.

Sai batun tsaro: Modbus tun 1979 aka ƙirƙiro ta, ba ta tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya shiga layin zai iya ba inji umarni, saboda haka kada a haɗa PLC da intanet kai tsaye, kuma kada ta zauna layi ɗaya da wayoyin ma'aikata.

Kafin ka biya cikon kuɗi, a rubuta a yarjejeniya cewa injiniya zai miƙa maka kwafin umarnin da ya rubuta wa PLC, da kalmar sirrinta, da zanen wayoyi, da jerin adireshin kowace sensa. Ka sa ya loda kwafin a gabanka, injin ya tashi da shi, sannan ka sa hannu.