Duniya holoƙo ce? Halley daban, Symmes daban, kuma ba hujja ɗaya ta kayar da su ba

Malam, ka tambaya a zaure ko tafiye-tafiyen ƙuryar arewa da ta kudu, wato ƙarshen duniya ta arewa da ta kudu, ne suka rusa ra'ayin cewa cikin duniya holoƙo ne. Sun rusa rabinsa. Ra'ayin iri biyu ne da ake yawan haɗawa, kuma ɗayan ba ruwansa da ƙuryoyin.

Na farko na Edmond Halley ne na Ingila, a 1692. Abin da ya dame shi allurar kamfas ce, wadda ke ɗan sauya inda take nunawa shekara bayan shekara. Sai ya ce ƙasar da muke takawa ɓawo ce mai kaurin mil 500, a cikinta akwai wasu ɓawo biyu da dunƙule a tsakiya, kamar ƙoren da aka jera ƙarama cikin babba, kowace na juyawa da nata saurin da nata maganaɗisun. Bai ce akwai ƙofar shiga ba.

Na biyu na John Cleves Symmes ne, tsohon hafsan sojan Amurka, wanda a 1818 ya raba takarda yana neman jarumai 100 su tashi daga Saibiriya su shiga cikin duniya. A wurinsa duniya tulu ce mai baki biyu: na arewa faɗin mil 4,000, na kudu mil 6,000.

Na Symmes shi ne wanda ƙafa ke iya gwadawa. Yi lissafin da kanka. Rabin mil 4,000 kusan kilomita 3,200 ne, digiri ɗaya na taswira kuma kilomita 111, ƙuryar ita ce digiri 90. Ke nan bakin ramin zai faɗo wajen digiri 60 zuwa 61 arewa, garuruwa irin su Murmansk ta Rasha da Tromsø ta Norway kuwa, da ke wajen digiri 69, suna cikin rami ba su sani ba. Symmes ya ce bakin yana lanƙwashewa a hankali, matafiyi ba zai lura ba. To, amma matuƙin jirgi da tsayin rana da taurari yake auna inda yake, kuma lanƙwasa irin wannan sai ta ɓata masa lissafi.

Magoya bayansa suka riƙa rage faɗin ramin, matafiya kuma suna cin abin da ya rage. Jirgin ruwa Fram na Nansen, ɗan Norway, ya bi ƙanƙarar arewa daga 1893 zuwa 1896, igiyar awo ta nuna teku mai zurfin fiye da mita 3,000, Nansen da kansa ya kai digiri 86. Bar batun Peary na Amurka da ya ce ya kai ƙuryar arewa a 1909, har yau ana gardama a kansa. Amundsen, ɗan Norway, ya taka ƙuryar kudu ranar 14 ga Disamba 1911, ya tarar da tudun ƙanƙara. A Mayun 1926 jirgin balan-balan Norge ya ratsa ta saman ƙuryar arewa daga tsibiran Svalbard na Norway zuwa Alaska. Ranar 3 ga Agusta 1958 jirgin ƙarƙashin teku Nautilus ya bi ta ƙasanta, ya auna zurfin ruwa wajen mita 4,000. A ƙuryar kudu kuwa Amurka na da tasha tun 1956, a kan ƙanƙara mai kaurin kusan mita 2,700.

Duk wannan bai taɓa Halley ba, tunda shi bai yi alkawarin rami ba. Ma'auni ne ya kayar da shi. A 1798 Henry Cavendish ya gano cewa duniya ta ninka ruwa mai girmanta nauyi kusan sau 5.5, alhali duwatsun samanta sau 2.7 ne kawai. Abin da cikinsa ya fi bayansa nauyi ba holoƙo ba ne. Sai girgizar ƙasa ta ƙarasa aikin. Motsinta iri biyu ne ke ratsa ƙasa, ɗaya yana bi ta dutse da ruwa, ɗayan ba ya ratsa abu mai ruwa-ruwa. Daga inda kowanne ke ɓullowa da inda yake ɓacewa aka gane akwai narkakken ƙarfe daga zurfin kilomita 2,900, kuma a 1936 Inge Lehmann ta Denmark ta gano daskararren dunƙule a tsakiyarsa.

A ganina Halley ya cancanci a sassauta masa. Ya dogara ne da lissafin Newton kan nauyin wata, lissafin kuwa akwai kuskure. Kuma ya yi daidai da ya ce wani abu na motsi a ciki, domin kai-komon narkakken ƙarfen nan ne ke sauya wa kamfas alƙibla.

Idan an turo maka hoton nan mai baƙar da'ira a saman duniya da ake cewa bakin ramin ne, na tauraron ɗan'adam ESSA-7 ne, Nuwambar 1968. Hotuna ne da yawa na awa 24 aka harhaɗa. A wannan watan rana ba ta fitowa ko kaɗan a ƙuryar arewa, don haka wurin da babu haske ya fito baƙi.