Rigar da aka ce ba ta dace da ɗan talakan Ingila ba

Jama'a ni dai tunda na zo Leeds karatu ban taɓa jin kunya irin ta wata Asabar ba. Akwai wata ƙungiya kusa da inda nake haya da ke tara kayan yara tana raba wa iyayen da ba su da hali, na ce bari in dinga zuwa taya su aiki tunda zaman ɗaki ya ishe ni, ga sanyi ga kaɗaici, a Disamba ƙarfe 4 na yamma gari ya riga ya yi duhu. Kafin su bari in taɓa ko safa sai da na cike fom, na kawo mutum 2 da za su tsaya min, aka yi min binciken DBS wai a ga ko na taɓa laifi. Aikin lada fa, ko sisi babu!

Ranar farko aka haɗa ni da wata tsohuwar baturiya, sa'ar kakata, aka zube mana buhuna mu tantance. Na ɗauko wata 'yar riga ta yarinya 'yar shekara 3, kusan sabuwa, tabo ne kawai a wuya bai fi ƙwayar wake ba, na ninke na sa cikin na rabawa. Matar nan ta zaro ta ta ɗaga sama gaban kowa, da murmushin nan nasu na iya leɓe, ta ce in 'yarki ce za ki sa mata wannan? Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, don amsar gaskiya eh ce, zan sa mata har in kai ta gidan suna da ita.

Ashe ƙa'ida ce, maɓalli ɗaya ya fita ko zif ya maƙale to an gama da rigar, kamfai kuwa sai sabo dal, sauran a wanke a goge a jera shekara-shekara a zuba a jaka mai kyau kamar daga kanti. Uwar ta zo ta karɓa ta wuce abinta, babu kyamara babu dogon jawabi. Sai na tuno yadda muke yi da Sallah, a jera marayu cikin rana kowa riƙe da yadi 3 a ɗauki hoto a watsa a Facebook, kuma in za mu yi sadakar kaya sai mun zaɓo wanda ya kusa zama tsumma.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na tambaya ina waɗanda muka ƙi suke zuwa. Wai wasu 'yan kasuwa ke zuwa su auna a kilo su biya, su ɗaure dila-dila a loda a jirgin ruwa. Gwanjo kenan fa! Shi ne wanda doka ta hana shigowa da shi Najeriya amma yake bi ta Kwatano ya sauka Ƙofar Wambai, mu yi sammako ranar fasa dila muna ture-ture muna cewa na farko ne, ɗan Landan. Ni kaina da shi aka raine ni kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba, amma dai abin ya min ciwo.

Sai dai kuma ko ba komai mu rigar Yaya ta sauko kan ƙani ta wuce ɗan maƙota ba wanda ya cike takarda, nan kuwa sai ma'aikaciyar lafiya ko ta jin daɗin jama'a ta rubuto sunanki kafin a ba ki rigar sanyin ɗanki, maƙociyarki ma ba ta san kina cikin wani hali ba.

Rigar mai tabon na so in roƙa in ajiye wa 'yar Aunty na, kunya ta hana ni, ina kallo aka cusa ta a baƙin buhu aka ɗaure.