Wace takardar tambayoyi za ka ɗauka don auna gajiyar mai ciwon daji?

Ka tambayi Bahaushe "ina gajiya", ko da yana kwance a gadon asibiti ana ƙara masa ruwan kemo na maganin sankara, "ba gajiya" zai ce maka. Gaisuwa ce, ba awo ba. Gajiyar sankara kuwa barci ba ya warkar da ita, shi ya sa ake buƙatar takardar da aka gwada ingancinta.

Ni dai takardar BFI (Brief Fatigue Inventory, wato gajeren ma'aunin gajiya) nake so, wadda cibiyar MD Anderson da ke Houston a Amurka ta fitar a 1999. Tambayoyi 9 ne kacal, kowace daga 0 zuwa 10, kuma awa 24 da suka wuce take tambaya. Uku kan tsananin gajiyar ne: yanzu, yadda aka saba ji, da mafi muni. Sauran shida na duba yadda ta taɓa harkokin yau da kullum, yanayin zuciya, tafiya, aiki, mu'amala da mutane da jin daɗin rayuwa. Wanda mafi muninsa ya kai 7, gajiyarsa ta yi tsanani. Tsohuwar da da ƙyar take ɗaga kai ma za ta amsa kafin ta ƙosa.

Akwai wasu takardun. Ma'aunin gajiya na FACIT-F yana cikin su: takarda ce mai tambayoyi 13, maki 0 zuwa 52, tana waiwayar kwana 7. Tana da kyau, sai dai maki mai yawa sauƙi yake nufi, kuma nan mutane ke tuntuɓe. Wata takardar mai suna MFI tambayoyi 20 ne, wadda ake kira ta Piper 22, sun yi wa marar lafiya yawa. QLQ-C30 kuwa, mai auna ingancin rayuwar mai sankara gaba ɗaya, uku kawai ta ware wa gajiya cikin 30.

Abin da ya taɓa ƙona ni fassara ce. Wani ya ba ni kwafin FACIT-F da "Hausa", ashe da ka ya yi ta. Kalmar Turanci mai nufin mutuwar jiki ya mayar "an wanke ni". Majiyyata suka yi ta kallona, aikin wata biyu ya tafi a banza. Fassarar gaske sai mutum biyu sun yi daban-daban, wani ya mayar da ita Turanci, sannan a gwada ta kan majiyyata. Ka kiyayi kwafin da ke yawo a WhatsApp, wani an yanke masa tambaya, wani an sauya ma'auninsa. Nemi izini da asalin takardar daga masu ita, ka ƙirga tambayoyin da kanka kafin ka kai wurin fotokofi.