Khan el-Khalili: a je da yamma

Sau biyu na shiga kasuwar Khan el-Khalili da ke tsohon birnin Alƙahira. Zuwan farko da hantsi ne, na tarar rabin shaguna a rufe, yara na ta share-share, na fito ina cewa a raina ashe zuzutawa ce kawai.

Washegari na koma gab da magariba, na shiga ta filin masallacin Husaini, sai ka ce ba ita ba. Lungunan matsattsu ne, wani wurin in kun haɗu da mutum dole ɗaya ya karkace kafaɗa. Daidai lokacin ake kunna fitilun tagulla masu huji-huji kamar rariya, hasken ya fantsama a bango ɗigo-ɗigo, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ga ƙamshin turaren wuta ya cakuɗe da na gahawa, ga ƙwal-ƙwal ɗin guduma daga wajen maƙera. Da aka kira salla, muryar ladanin Husaini ta haɗu da ta Azhar daga tsallaken titi, har tsigar jikina ta tashi.

Shawarata, mutum ya riƙa ɗaga kai. Sama da rumfunan akwai ƙofofin dutse masu sassaƙa irin Bab al-Badistan, aikin zamanin Sarki al-Ghuri wanda ya rushe tsohon ginin ya sake shi a 1511. Wanda ya fara kafa wurin kuwa, a ƙarshen ƙarni na 14, shi ne Jarkas al-Khalili, shamakin Sarki Barƙuƙ, kuma a kan maƙabartar sarakunan Fatimiyya ya yi gininsa. Yawancin masu wucewa idonsu na kan kaya, ba sa ma lura.

Kayan ne dai suka ɗan sanyaya min gwiwa. Na ɗauki wata fitila da ta burge ni, ina juya gindinta na ga tambarin China. Ciniki kuma sai mai haƙuri: wani ya faɗi kuɗi, na taya kashi ɗaya cikin uku, ya yi ta rantse-rantse, ina juya baya ya sallama.

A ƙarshe faranti ɗaya na saya, a hannun wani dattijo da na tsaya kusan minti 20 ina kallon yadda yake zana shi da ƙusa da 'yar guduma, gilashinsa a saman hanci. Shi ban ma taya sosai ba.