Saiwar gancao da ƙwayar tarin da ake turowa gida daga Guangzhou

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Saƙon da aka fi aiko wa 'yan kasuwarmu a nan Guangzhou lokacin hunturu shi ne a taho da "ƙwayar tarin China", 'yan ƙananan nan masu launin ƙasa a ƙaramar kwalba. Ya kamata mu san abin da ke cikinta kafin mu mayar da ita tsaraba.

Tushen maganin wata saiwa ce mai zaƙi, gancao, wadda ake nomawa a Gansu, Ningxia, Xinjiang da Mongoliya ta Gida, duk yankuna ne a China. 'Yan uwanmu na Masar sun san danginta, irƙisus da ake sha da azumi. A kasuwar magunguna ta Qingping da ke nan Guangzhou ana sayar da ita a yanke sala-sala, bawo ja-ja, ciki rawaya. Ɗanya ita ake ba mai tari da kaikayin maƙogwaro. Wadda aka soya da zuma ta mai raunin ciki ce. In ka shinshina ka ji tsami yana sukar hanci, an yi mata turaren farar wuta don kada ƙwari su ci, ka bar musu kayansu.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne awo. A gida mai magani zai ce ka zuba "tafin hannu ɗaya", a nan kuwa kundin magungunan ƙasar ya ƙayyade giram 2 zuwa 10 a rana, kuma da wuya a ba da ita ita kaɗai, sai a haɗin da likita ya rubuta. Mai shago yana jawo 'yan aljihunan katako, ya auna kowane ganye a sikeli, ya ƙulle na kowace rana daban. In ka koma masaukinka za ka jiƙa minti 30 a tukunyar ƙasa, ba ta ƙarfe ba, ka tafasa, ka rage wuta minti 20 zuwa 30, ka tace, ka sake dafa tukar, ka haɗa ruwan biyu ka raba safe da yamma. Shaguna da yawa su suke dafa maka su ɗura a leda.

Illarta tana zuwa ne a hankali. Sinadarin da ke sa ta zaƙi yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da fotasiyam. Wanda ya ɗauki makonni yana sha sai ƙafa ta kumbura, jini ya hau, gaɓɓai su mutu, zuciya ta riƙa bugawa ba tsari. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai juna biyu, da mai shan maganin sa fitsari irin furosemide ko maganin zuciya digoxin, duk su nisance ta. Dattawanmu da yawa suna kan waɗannan magunguna, kuma su aka fi aika wa.

Ita kuwa ƙwayar, sunanta Fufang Gancao Pian, ba gancao ce zalla ba. A kowace ƙwaya akwai ofiyom, sinadari mai sa maye dangin kodin, miligiram 4, da kafur da man wani ɗan itace mai ƙamshi. Shi ya sa take kwantar da tari nan take, shi ya sa kuma jiki ke sabawa da ita: mai sha kullum in ya daina sai hamma, zufa, hawaye da rashin sukuni. A China sai da takardar likita ake sayar da ita, babba ƙwaya 3 zuwa 4 sau uku a rana, na 'yan kwanaki kawai. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasanmu har gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, wannan ma gida ɗaya suka fito. Jami'an kwastam na Amurka suna ƙwace ta a filin jirgi.

A jikin kwali akwai lambar rajista: wadda ta fara da Z maganin gargajiya ne, mai H na asibiti ne, kuma wannan ƙwayar H ce a jikinta. Tarin da ya haura mako biyu, musamman da rama ko jini a kaki, gwajin tarin fuka yake buƙata, kuma kyauta ake yinsa a cibiyoyin gwamnati a Najeriya.