Gwajin HPV da alamomin otofaji: kowanne da aikinsa

'Yar'uwa, kin tambaya ko alamomin ƙwayoyin gado na otofaji da ake ta zancensu za su maye gurbin gwajin HPV a kan sankarar bakin mahaifa. A'a, don ba mace ɗaya suke yi wa aiki ba.

Gwajin HPV na wadda take jin kanta garau ne. Yana neman ƙwayar cutar da ke haddasa kusan dukkan wannan sankara. Nau'i na 16 da na 18 kaɗai ke jawo kusan kashi 70 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30, a maimaita duk bayan shekara 5 zuwa 10, mai ɗauke da HIV kuwa ta fara daga 25. Wannan an gama tantance amfaninsa.

Alamomin otofaji kuwa na wadda cutar ta riga ta kama ne. Otofaji hanya ce da ƙwayar jiki ke narkar da sassanta da suka lalace ta sake amfani da su. Yoshinori Ohsumi ɗan Japan ne ya zaƙulo ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da ita a jikin yis, har aka ba shi kyautar Nobel a 2016. Yanzu masu bincike na auna irin su BECN1 da LC3 da p62 a tsokar da aka gutsuro daga ƙarin, don hasashen ko cutar za ta yi tsanani, ko magani zai ci.

Inda gizo ke saƙa shi ne otofaji fuska biyu gare ta. Da farko tana kwashe ɓarnar da ka iya rikiɗewa ta zama sankara. Da zarar ƙari ya kafu kuma, sai ta koma tana taimaka masa ya jure yunwa da sisplatin (maganin sankara) da gashi (wato ƙona ƙarin da hasken na'ura a asibiti). Shi ya sa ake gwada magungunan da ke toshe ta, har da kulorokwin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro (don Allah kada wata ta je ta sha da kanta).

Ni dai ina ɗan ja da baya kan yadda ake zuzuta alamomin otofajin nan. Da yawa daga jerin ƙwayoyin gadon nan da kwamfuta aka tace su daga rumbun bayanan majinyata irin su TCGA, kuma ba su shiga ƙa'idojin jinya ba tukuna. Yau idan aka tabbatar mace na da cutar, matakin da ta kai ne kan gaba wajen zaɓar mata tiyata ko gashi haɗe da sisplatin.