Ranar da aka hana ni dubiya a Ingila saboda mura

Shekarata tara a Birmingham ta ƙasar Ingila, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta tare ni a ƙofar ɗakin da yayana yake kwance ba. Kwanansa goma sha ɗaya da dashen hanta, bayan ciwon hanta nau'in B ya cinye tasa, ni kuma na taho da kular farfesun kaza da maiɗakina ta dafa. Ina cikin wanke hannu sai atishawa ta kuɓuce mini sau biyu. Matar ta tambaye ni ko mura nake yi, na ce 'yar kaɗan ce ta sanyin gari, sai ta ce in koma gida har sai na warke sarai. Na juya a gaban mutane riƙe da kula kamar wanda aka kama da kayan sata, ina cewa a raina mutanen nan ba su san zumunci ba.

Sai daga baya likitan Yaya ya warware mini. Jiki yana ɗaukar sabuwar hanta a matsayin baƙuwa, saboda haka dole a danne garkuwarsa da magunguna irin su tacrolimus da mycophenolate da prednisolone, kuma a watannin farko aka fi ba da su da ƙarfi. To, garkuwar da aka kwantar don kada ta yaƙi hantar, ita ce dai mai yaƙar ƙwayar mura. Murar da za ta sake ni cikin mako guda, shi tana iya gangara masa huhu ta zama nimoniya, tana iya buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma zazzaɓin da zai tona mata asiri ba lallai ya fito ba, domin magungunan suna ɓoye shi.

Na ga wannan da idona a watan Janairu, lokacin da Yaya ya tashi da tari da kasala. Muka buga lambar da aka ba shi ranar sallama, aka ce mu taho yanzu. Tun daga ƙofa aka sa masa takunkumi, aka keɓe shi a ɗaki shi kaɗai, aka zura masa wani ɗan tsinke mai auduga a hanci, kafin dare sakamako ya nuna murar infuluwenza ce. Nan take aka fara ba shi oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, domin ya fi aiki idan an soma shi cikin awa 48 da fara ciwo. Aka ɗebi jininsa don auna yawan tacrolimus, aka dakatar da mycophenolate na 'yan kwanaki, suna lallaɓawa tsakanin kada ƙwayar ta ci ƙarfinsa da kada jikinsa ya juya wa hantar baya. Wannan gata fa na masu raunin garkuwa ne irin masu dashe. Ni da nake lafiyayye, idan mura ta kama ni, sai in yi ta layi a waya don neman ganin likita tun ƙarfe takwas na safe, a ƙarshe a ce in sha ruwa da farasitamol.

A wannan daren Kano nake ta tunawa. Da a gida ne, da tuni an aiki yaro kemis ya haɗo maganin mura, kuma cikin haɗin da wuya a rasa erythromycin ko clarithromycin, waɗanda ba sa taɓa ƙwayar bairos mai kawo mura ko kaɗan, amma suna sa tacrolimus ya taru a jini har ya illata ƙoda. A ɗora da ibuprofen ko diclofenac na ciwon jiki, ƙodar ta ƙara shan wuya. Kada a ɗauka zancen nesa ne, tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma waɗanda ake kai wa Indiya da Masar dashen hanta, dukansu irin magungunan nan suke sha. Mutum ya sayar da gida da gona ya biya kuɗin aiki, ya sauka tsakiyar hunturu, sai mu cika masa ɗaki da sannu da jiki, kowa sai ya yi musabaha, ana miƙa masa jariri mai majina ya sa albarka, wanda aka hana shiga kuwa ya ƙulla gaba ta shekara. A nan kowace shekara kafin sanyi ana yi wa Yaya allurar rigakafin mura, ta allura ba ta feshi a hanci ba, domin ta feshin tana ɗauke da rayayyiyar ƙwaya, kuma mu mutanen gidansa ma an shawarce mu mu yi.

Duk da haka, ba zan ce ban yi kewar wancan cunkoson ba. Kwana shida Yaya ya yi a keɓe, ba mai leƙo shi sai ma'aikata masu takunkumi da safar hannu, ba mai kawo kunun tsamiya, ba dattijon da zai zauna ya yi masa addu'a. Da na kira shi ta bidiyo daga wurin ajiye motoci, sai ya ce, "Ƙanina, kira mini Hajiya a Gwammaja ka haɗa mu, in ji hayaniyar tsakar gida ko da minti biyar ne."